Kurakuran da sababbin 'yan poka suka fi yi

Wanda ya saba da Whot in ya zo poka, musamman Texas Hold'em, abin da ke fara kayar da shi shi ne yana ganin duk katin da aka ba shi dole sai ya buga. Kati 52 ne, a ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a tare, sai ɗaya, sai na ƙarshe, kai kuma ka zaɓi biyar mafi ƙarfi cikin bakwai ɗin. To in aka ba ka 7 da 2 kala daban (kala ita ce alamar da ke jikin kati, iri huɗu ce) ajiye kawai, ba hannun da ya kai shi lalacewa. Katin A guda biyu kuwa, hannun da ya fi kowane ƙarfi a farko, sau ɗaya cikin 221 suke zuwa, shi ya sa yawancin lokaci zama za ka yi kana kallo, kuma wallahi wannan haƙurin ne ke raba gwani da ɗan koyo.

Haddace jerin wane hannu ya fi wane ma wasu ba sa yi. Biyar kala ɗaya ta fi biyar a jere, uku iri ɗaya haɗe da biyu iri ɗaya kuma ta fi su duka biyun.

Inda na fi jin takaici shi ne bin kati ido rufe. Kana da huɗu kala ɗaya, saura kati ɗaya a buɗe, kowace kala 13 ce, wato 9 suka rage cikin 46 da ba ka gani ba, kusan sau ɗaya cikin biyar kenan. In akwai ƙwaya 100 a tsakiya wani ya zuba 20, bi shi, da riba. In ya zuba 100 ka janye ko ranka bai so ba. Ƙwayoyin wasa nake nufi fa, sa kuɗi caca ce kuma kowa ya san hukuncinta.

Sai burga, wato ka zuba kamar kana da hannu mai ƙarfi alhali babu. Ɗan koyo baya ajiye kati, to me za ka tsorata shi da shi? Ka bari sai ka samu hannu mai kyau ka ƙara masa. Kuma ka lura da wurin zamanka, mai magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, can za ka fi sakewa, in kai ne na farko ka matse hannu.

In aka cinye ka da katin ƙarshe zuciya ta hau, tashi ka sha ruwa, kar ka shiga zagaye na gaba don rama.