Yadda Ɗalibi Zai Riƙe Ajin Turanci na AP a Sakandaren Amurka

A sakandaren Amurka, ɗalibin da Turancinsa ya yi ƙarfi yakan shiga ajin da ake kira AP. Darasi ne na matakin shekarar farko ta jami'a, amma ana koyar da shi tun yaro yana sakandare, kuma hukumar College Board ce ke riƙe da shi tun 1955. Na Turanci iri biyu ne. Akwai na harshe da insha'i, wanda aka fi ɗauka a aji 11, inda ake karanta jawabai da maƙaloli da sauran rubutun da ba ƙage ba. Akwai kuma na adabi, yawanci a aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, shi ne na waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Kowanne yana ƙarewa da jarrabawa a watan Mayu, sakamako ya fito a Yuli, maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa suna yafe wa wanda ya ci 3 zuwa sama kwas guda, waɗanda suka fi tsauri sai 4 ko 5, wasu kuma ba sa yafe komai.

Ka sani tun farko cewa maki biyu kake nema a lokaci guda. Ɗaya na aji ne, malaminka ke bayarwa, shi ke shiga takardar sakamakon da jami'a za ta duba. Ɗayan na jarrabawar Mayu ne, wanda malaman sakandare da na jami'a ke taruwa su duba a watan Yuni, kuma ba su san ko kai wane ne ba. Wajen fitar da matsakaicin makin ɗalibi, makarantu da yawa suna lissafa A na ajin AP a matsayin 5.0 maimakon 4.0 na ajin yau da kullum. Wannan ne ke jan wasu su yi rajista ba tare da sun auna nauyin kayan ba.

Takardar ranar farko

A makon farko malami zai raba takardar ƙa'idojin aji, sau da yawa da wurin da iyaye za su sa hannu. Kowane malami da tasa, don haka a zauna a karanta ta daga farko har ƙarshe. Abubuwan da za a ja wa layi su ne yadda aka raba maki tsakanin insha'i da gwaji da tattaunawa, hukuncin aikin da aka makara, da kwana nawa ake ba wanda ya yi fashi ya rama aikinsa. Wasu malaman suna rage kashi 10 cikin 100 a kowace ranar makara, wasu ba sa karɓar aiki ko da minti ɗaya ya wuce. Aikin da ake turawa ta intanet yana ɗauke da lokacin da aka tura shi, babu wurin gardama.

Fashin Sallah ko na rashin lafiya yana buƙatar takarda daga iyaye zuwa ofishin makaranta, sannan ɗalibi da kansa ya sanar da malami tun kafin ranar. Makarantun gwamnati na birnin New York suna rufewa ranakun Sallah, amma a wurare da dama makaranta tana buɗe, kuma gwajin ranar ba zai jira ka ba in ba ka yi magana ba.

Akwai kuma karatun dogon hutu. Sau da yawa ana ba da littafi ɗaya ko biyu tun watan Mayu ko Yuni, a yi gwaji a kansu da zarar an koma a Agusta ko Satumba. Wanda ya shiga ajin a makare ya tambayi wannan a ranar da ya shiga.

Karatu da alƙalami a hannu

Ba a karanta littafi a cikin aji. A gida ake karantawa, a zo aji a tattauna. Abin da malami yake jira shi ne shafi mai alamomi: kalmar da aka maimaita, wurin da muryar mai ba da labari ta sauya, kamance ko siffantawar da ta tsaya maka a rai, tambayar da ta zo maka a gefen shafi. In littafin na makaranta ne, yi amfani da 'yan takardun nan masu manne. Shafa launi a kan rabin shafi ba tare da rubuta ko kalma ba aikin banza ne, domin bayan mako biyu kai kanka ba za ka tuna dalilin shafawar ba.

Taƙaitaccen bayanin littafi da ake samu a intanet yana iya fitar da mutum daga gwajin wane ya yi me. Ba ya fitar da shi daga insha'i, saboda insha'i yana neman kalmomin marubuci da kansu, su kuwa sai wanda ya karanta.

A nan ne yaran da suka taso a gidan Hausa sukan yi asarar maki ba tare da sun ankara ba. An horar da su kada su katse babba, kada su yi musu da malami, su sunkuyar da kai in ana magana. A wannan aji kuwa akan jera kujeru a yi da'ira, malami ya koma gefe da takarda yana lura da wanda ya yi magana da abin da ya faɗa. Shiru a wannan rana makinsa sifili ne, komai ladabin mai shi. Maganinsa shiri: ka zo da tambayoyi biyu a rubuce da wuri ɗaya a littafin da za ka nuna, tare da lambar shafi. Ka ɗora a kan maganar wani, ka ce ka yarda da shi a kan kaza amma shafi kaza ya nuna wani abu dabam. Saɓa wa malami da hujja ba rashin kunya ba ne a wurinsu, shi ma yakan ji daɗi. Mai cika aji da surutu ba nassi shi ma ba ya tsira.

Maki shida na insha'i

Nan ne ƙashin bayan ajin. Tun shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020 ake auna kowane insha'in Turanci na AP da maki shida, a da tara ne. Maki ɗaya na matsaya, huɗu na hujja da sharhi, ɗaya na zurfin tunani. Yawancin malamai da wannan ma'auni suke duba aikin aji tun daga Satumba.

Matsaya ita ce maganar da ka tsaya a kai, wadda wani zai iya musantawa kai kuma ka kare ta. A ce an ba ka waƙa a kan tsohuwar da ta koma gidan da ta girma ta tarar da baƙi a ciki. In ka rubuta cewa mawaƙin ya yi amfani da salo iri-iri wajen isar da saƙonsa, ba ka ce komai ba, wannan jimla za ta hau kan kowace waƙa a duniya. In ka ce gajerun ɗangogin baitin ƙarshe da yawan ambaton ƙofa suna nuna tsohuwar ta fi tsoron mantuwa a kan rashin gidan, to ka kafa matsaya. Maimaita tambayar da wasu kalmomi ba ya kawo maki. Ma'aunin ya yarda matsaya ta zo a ko'ina cikin insha'in, amma sa ta a ƙarshen sakin layi na farko, don in lokaci ya ƙure ta riga ta shiga.

Maki huɗun tsakiya su ne fagen fama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ba da labari: ɗalibi ya cika shafi biyu yana faɗin abin da ya faru, alhali mai dubawa ya san labarin fiye da shi. Wannan ba ya wuce maki ɗaya. Kowane sakin layi ya ɗauki magana guda, ya kawo 'yan kalmomi daga nassin, uku ko biyar sun isa, a saƙa su cikin jimlarka, sannan sharhi ya biyo baya wanda ya fi abin da aka ɗauko tsawo. Sharhin ya amsa tambaya ɗaya: me ya sa marubuci ya zaɓi wannan kalma, kuma ta yaya take goyon bayan matsayata? Kiran sunan salo kawai, a ce nan mutuntarwa ce, nan kamance, kamar mahauci ne ya jera wuƙaƙe bai yanka komai ba.

Ga wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne, akwai sharaɗin da ya kamata ya sani. Ƙananan kurakuran nahawu ba sa rage maki, domin an san cikin gaggawa aka yi rubutun. Amma in kurakuran sun kai ga toshe ma'ana, ba za a ba da maki na huɗu ba. Gajeriyar jimla mai tsabta ta fi doguwar da ta harɗe. Manyan kalmomin da aka tsinto daga ƙamus daren jiya su ne suka fi kayar da mutum.

Makin zurfin tunani ba kasafai ake samunsa ba, kuma farautarsa da jimla ɗaya mai ƙyalli a ƙarshe ba ta aiki. Yakan zo wa wanda ya ga inda nassin yake karo da kansa ya kuma bi wannan karon har ƙarshe.

Minti 40

A jarrabawar adabi akwai tambayoyin canki-canka 55 cikin awa ɗaya, su ne kashi 45 cikin 100, sai insha'i uku cikin awa biyu, kashi 55: ɗaya a kan waƙa, ɗaya a kan zube, ɗaya a kan littafin da ɗalibi ya zaɓa da kansa. A na uku babu littafi a gabanka, daga ka za ka kawo hujja, don haka ka riƙe littattafai uku ko huɗu da ka sani ciki da bai. Ana ba da jerin sunayen da za a iya zaɓa, kuma aikin Chinua Achebe ya sha fitowa a ciki, amma ba dole ne ka tsaya a jerin ba.

Ta harshe tambayoyi 45 ne cikin awa ɗaya, sai insha'i uku cikin awa biyu da minti 15, ƙarin na karatu ne. A na farko za a ba ka madogara shida, wato gajerun bayanai a kan batu guda da za ka ɗauko hujja daga cikinsu, har da mai hoto ko jadawalin alƙaluma, dole ka yi aiki da aƙalla uku. Wanda ya tsaya a biyu ya daƙile makinsa da hannunsa. Ba a rage maki don an canki amsa ba daidai ba, saboda haka kada a bar gurbi.

Kowane insha'i ke nan kusan minti 40, shi ya sa malami zai riƙa ba ku rubutun agogo a aji. Ware wajen minti 8 na karatu da tsara magana, 27 na rubutu, 5 na dubawa. Wanda ya fara rubutu a minti na farko yakan gano abin da yake son faɗa a minti na 35.

Aikin gida da satar rubutu

Dogon insha'in gida yana bin tsarin MLA: girman harafi 12, tazara biyu tsakanin layuka, inci ɗaya a kowane gefe, sunan dangi da lambar shafi a saman dama. Duk abin da ka ɗauko, sa sunan marubuci da lambar shafi a gabansa, sannan ka jera madogaran a shafin ƙarshe. Sauya kalmomin wani ba tare da ambaton sunansa ba shi ma sata ne, kuma a nan masu kyakkyawar niyya suke faɗawa. Makarantu da yawa suna bi da aiki ta manhajar Turnitin mai gano rubutun da aka kwafo, amma ko babu ita malami yana da rubutun da ka yi a gabansa, ya san muryarka. Hukuncin yakan fara da sifili da kiran iyaye, wani lokaci ya shiga fayil, ga shi malamin Turanci yana cikin waɗanda aka fi roƙo su rubuta wa ɗalibi takardar shaida zuwa jami'a. Game da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, ƙa'idar ta bambanta daga aji zuwa aji. Tambayi malami kafin ka taɓa, ka kuma ajiye rubutunka na farko da na biyu don ranar da za a ce ka nuna yadda aikin ya taso. Yaya ko kawun da ya gyara maka jimloli har suka zama nasa, shi ma ya jefa ka cikin wannan rami.

Rajistar jarrabawar Mayu tun watan Nuwamba ake rufe ta, bayan nan sai da tara. Kuɗin ya kusa dala 100, akwai ragi ga masu ƙaramin ƙarfi, a tambayi jami'in AP na makaranta. Daga Mayun 2025 kuma jarrabawar Turanci duka biyu a kwamfuta ake yin su ta manhajar Bluebook, don haka wanda har yanzu da yatsa biyu yake buga rubutu ya fara atisaye tun zangon farko.