Yadda Ake Karanta Tsofaffin Aikatau na Turanci Masu -est da -eth

Duk wanda ya buɗe wasannin Shakespeare don jarrabawar WAEC, ko fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930, ko Littafi Mai Tsarki na Sarki James na 1611, zai ci karo da hath, doth da goest. Ba ado ba ne, ƙa'ida ce, kuma mai sauƙin kamawa.

Fara da neman mai aikin. In thou ne, wato kai ko ke, aikatau yana ɗaukar -est ko -st: thou knowest, thou hast, thou dost. Kaɗan ne suka kauce, sai a haddace su: art, shalt, wilt. Wannan ɗafin yana bin thou har cikin shuɗaɗɗen lokaci, kamar thou didst. In kuwa mutum ɗaya ake magana a kansa, shi ko ita, sai -eth: he goeth, she saith. I, we, ye (wato ku) da they ba sa ɗaukar komai.

A nan masu kwaikwayon tsohon salo suke tafka kuskure, suna manna -eth duk inda suka ga dama. I goeth ba Turanci ba ne a kowane zamani. Haka ma shall, can da may ba sa karɓarsa, kuma ba ya shiga abin da ya riga ya wuce: he went ake cewa. A lura da doth da doeth: na farko galibi mataimaki ne, kamar he doth know, na biyu kuma shi ne aikin kansa. Tambaya ma ba ta buƙatar do, juya kalmomin kawai ake yi: Knowest thou?

Asalin -eth tsohon Turancin Anglo-Saxon ne, kuma kudancin Ingila ya riƙe shi har bayan zamanin mawaƙin Ingila Chaucer, wanda ya rasu a 1400. Shi kuwa -s na yau, kamar a he goes, daga arewa ya gangaro, domin ya bayyana a rubutun yankin Northumbria tun ƙarni na 10. Zuwa wajen 1600 ya mamaye bakin mutanen Landan, shi ya sa Shakespeare yake cakuɗa su biyun. Hath da doth ne suka fi jimawa.

Thou kuma girmamawa ce ta kore shi. An riƙa kiran manya da you, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku", har ta game kowa a ƙarni na 17, -est kuma ya bi thou suka tafi tare.