Atisayen Danna Ƙirji da Mutum-mutumi Mai Na'ura

Wannan atisaye ne na koyon taimakon gaggawa ga wanda zuciyarsa ta tsaya. Da farko, kwantar da mutum-mutumin a ƙasa mai tauri, ka kunna na'urarsa.

Durƙusa gefensa, ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, hannuwa a miƙe.

Danna da nauyin jikinka, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Idonka na kan na'urar. Ita za ta nuna ko ka yi sanyi ko ka cika gaggawa.

Nan masu koyo kan yi tuntuɓe: bar ƙirjin ya dawo daidai kafin ka sake dannawa, don jingina a kai na hana zuciya cika da jini.

Bayan dannawa 30, hura iska a bakin mutum-mutumin sau 2 har ƙirjin ya taso. Minti 2 na cika, goge bakin, ka ba abokinka wuri.