Noman kuɓewa a kangon birni: kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure tun kafin a saka iri ake yin sa: a ga kango, a share, a hau shuka, ba a tambayi abin da aka taɓa yi a wurin ba. Filin da aka rushe tsohon gida ko gareji, ƙasarsa kan riƙe dalma shekara da shekaru. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978, amma har yau ana gargaɗin masu lambu a kangayen Detroit su gwada ƙasa kafin su shuka. 'Ya'yan kuɓewa ba sa jan dalma kamar saiwa da ganye. Haɗarin yana cikin ƙurar da ke manne wa hannu, musamman hannun yara. Idan gwaji bai samu ba, kafa akwatin katako, ka cika shi da ƙasa mai tsabta da ruɓaɓɓen taki, ka rufe hanyoyin da busasshiyar ciyawa.

Nemi izinin mai filin a rubuce, kada ranar da ta fara fure a zo da bulo.

Kuɓewa ba ta son sanyi, ba ta son inuwa, dashe ma yana wahalar da doguwar saiwarta. Jiƙa irin ya kwana, ka shuka shi inda zai zauna, da tazarar santimita 30 zuwa 45. In taki ya yi yawa, sai ganye kawai.

Bayan kwana 50 zuwa 60 sai a fara tsinka, a nan mutane ke yin sakaci. Ka cire ta tana santimita 5 zuwa 8, duk bayan kwana biyu. Lanƙwasa bakinta: in ya karye ɗas, ta yi, in ya tanƙware, ta ƙosa. Ƙosassu a jiki suna sa uwar ta rage haihuwa.

Wanda ya fi damuna shi ne wasa da iri. Daga Afirka kuɓewa ta haye teku a zamanin cinikin bayi, ta zama miyar gumbo a Louisiana ta Amurka da miyar caruru a Bahia ta Brazil, kuma masu adana iri ne suka raya ta har yau. Irin da aka rubuta wa F1, wato wanda aka samu ta haɗa iri biyu daban, ba ya maimaita kansa a shuka ta biyu. Nemi irin gado wurin tsofaffin masu lambu, ka nisanta shi da wani iri saboda ƙudan zuma na haɗa su. Ware uwa biyu ko uku mafiya ƙarfi, ka bar 'ya'yansu su bushe a jiki har su fara tsagewa, sannan ka adana a kwalba mai murfi, da sunan wanda ya ba ka.