Yadda za ka zaɓi hular kwano ta mashin a Maraɗi

1. Fara da auna kanka. Ka ari tef ɗin tela, ka zagaya da shi kamar santimita 2 sama da gira. Mai santimita 57 zuwa 58 yawanci girman hularsa M ne, mai 59 zuwa 60 kuma L.

2. A kasuwa kada suna ya ruɗe ka. Arai da Shoei na Japan tsada gare su ƙwarai, HJC da LS2 sun fi sauƙi, amma jabu ya yi yawa. In an ce maka Shoei ce a kuɗin buhun gawayi, wuce abinka. Duba igiyar haɓa: hular da ta cika ƙa'idar Turai, ECE 22.05 ko 22.06, tana da ƙyalle ɗinkakke mai harafin E cikin da'ira. Latsa cikinta kuma, ka ji farin soso mai tauri da kauri, shi ke shanye bugu.

3. Saka ta, ka ɗaure. Ta kama kumatu, ba ta matse goshi ba. Girgiza kai, in ta yi lilo, ta yi maka girma. Zauna da ita minti 10 ko da mai shago zai yi tsaki.

4. Zafinmu sai mai ƙofofin iska, ƙurar hunturu kuwa sai gilashi mai rufewa sosai. 'Yan kabu-kabu masu aikin dare, ku ɗauki farin gilashi.

5. Zagaya shago uku kafin ka taya. Ta hannu kuwa bar ta, don wadda aka taɓa faɗuwa da ita mai yiwuwa sosonta ya riga ya mutu ko ba a ga tsaga ba.