Kurakuran da sababbin masu fatsar kifin bulugil suka fi yi

Duk shekara idan sanyi ya janye a jihar Illinois, nakan ga 'yan'uwanmu da ba su daɗe da zuwa Amurka ba sun fito bakin tafki da sababbin kayan fatsa, su wuni cikin rana, su koma gida da bokiti babu komai, alhali kifin da suke nema yana nan birjik a ƙarƙashin ƙafafunsu. Bulugil shi ne kifin da wannan jiha ta ɗauka a matsayin alamarta tun 1986, kuma da wuya a sami kududdufi ko tafkin da babu shi. Siffarsa ta yi kusa da ta karfasa, faffaɗa ne mai ƙayoyi a gadon baya, sai dai yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce santimita 15 zuwa 20 ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa na ga gara in rubuta ta.

Kuskure mafi girma shi ne babbar ƙugiya, kuma shi ne ya cinye mini bazarata ta farko gaba ɗaya. Na tashi ina fatsar tarwaɗa a gida, don haka da na shiga shago sai hannuna ya tafi kan abin da na saba da shi: ƙugiya mai lamba 2, zare mai ɗaukar nauyin fam 20, da manyan tanu masu kaurin ɗan yatsa. Daga watan Mayu har ƙarshen Agusta ina zuwa tafki kowace Asabar, ina jin ana tsinkar koton, ina fizga, ina ɗago ƙugiya tsirara. Kuɗin da na zuba a sayen tana kaɗai ya isa ya sayi kifin da iyalina za su ci na watanni, amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne lokacin, domin a ƙasar da ruwa yake daskarewa wata da watanni, wanda ya rasa bazara ɗaya sai ya jira baɗi. Wani dattijo da ya daɗe yana lura da ni ne ya matso wata rana ya kama bulugil ɗaya ya buɗe mini bakinsa, sai na ga da ƙyar kan ƙaramin yatsana zai shiga. Kifin yana zuƙo abincinsa ne zuwa cikin wannan ɗan baki, kuma idan ƙugiya ta fi ƙarfin bakin, sai ya tsaya a gefe ya yi ta yagar tanar har ya cinye ta. A sani cewa lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye, wato yadda lambar take ƙaruwa haka ƙugiyar take ƙanƙancewa. Ni yanzu lamba 8 nake ɗaurawa, idan kifayen ƙanana ne in sauka zuwa 10, kuma ba na ɗaura wadda ta fi lamba 6 girma ko da wane dalili. Nakan zaɓi siririya mai dogon wuya, saboda bulugil yana yawan haɗiye ƙugiya, dogon wuyan kuwa shi ke ba ni wurin kamawa in zare ta ba tare da na yaga masa maƙogwaro ba.

Koton ma haka yake. Tana guda ta isa a yanka ta gida uku ko huɗu, a soka ɗan guntun da bai wuce gaɓar yatsa ba, a bar tsinin ƙugiyar kusa da bayyana. Wanda ya bar jelar tana tana reto ya ciyar da kifi ne kawai. Gyare yana aiki sosai a tsakiyar zafi, haka ma fara ƙarama, sannan fararen tsutsotsin da ake sayarwa a shagunan kayan fatsa sun fi dacewa idan ruwa ya yi sanyi. Ni dai jajayen ƙananan tanu nake riƙewa kusan kullum, domin sun fi jure zama a ƙugiya.

Kuskure na biyu da nake jin zafinsa shi ne ƙaton ƙwallon nan mai ja da fari da ake maƙalawa a zare don ya yi yawo a saman ruwa. Shi ne abu na farko da sabon shiga yake saya, saboda yana da araha kuma ana hango shi daga nesa. Ku yi tunani mana: kifin da bai kai rabin kilo ba, ta yaya zai nutsar da abu mai girman ƙwan kaza? Yana taɓa koton ya ji an riƙe shi daga sama, sai ya tofar ya wuce, kai kuwa kana zaune kana cewa yau kifi ba ya ci. Na sha ganin mutum ya zauna sa'a uku yana kallon wannan ƙwallo, yaron da ke gefensa kuma yana ta ciro kifi da siririn abu mai kamar fensir. Wannan siririn shi ne daidai. A ƙara masa 'yar dalma ɗaya ko biyu kamar taki guda sama da ƙugiya, har sai kansa kaɗai ya rage a waje, ta yadda taɓawa kaɗan za ta nutsar da shi. Ban yarda da uzurin wanda yake cewa idanunsa ba sa ganin siririn ba, domin ba a bukatar jifa mai nisa, kifin yana gindin ciyayi da ƙarƙashin katakan tsayawar jiragen ruwa.

Zare mai kauri ma asara ce, domin bulugil da ido yake farauta, kuma a ruwa mai haske maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma gaskiya ce tsagwaronta. Zare mai ɗaukar fam 4 nake amfani da shi. Masu tsoron tsinkewa su tuna cewa bulugil mafi girma da aka taɓa rubutawa, wanda aka kama a jihar Alabama a 1950, nauyinsa kilo 2 ne da 'yan kai. Sanda kuma a nemi mai laushi marar nauyi, wadda kanta yake rawa da ɗan motsi.

Game da koton roba da na ƙarfe, sababbi suna sayen cikakken akwati na abubuwan da aka ƙera don manyan kifaye. Ɗan jig, wato ƙugiya mai ɗan nauyi a kanta, wanda nauyinsa bai kai giram 1 ba ya wadatar, baƙi ko mai ruwan ganye, kuma a ja shi a hankali ƙwarai, domin bulugil ba ya bin abu da gudu mai nisa. Ni nakan soka masa 'yar tsutsa a kai. Fizga da ƙarfi ba ta da amfani, ɗaga sanda kawai ya isa. Idan minti 15 suka wuce babu taɓawa, a canza zurfi kafin a canza koto, saboda a tsakiyar zafi manyan sukan koma gefen ciyayi mai zurfin mita 3 ko fiye. Ragowar tana a zuba ta a kwandon shara, kada a juye ta a ruwa ko a daji.

Akwai kuma abin da ke faruwa da mutum bayan ya gyara kayansa. Idan ruwa ya yi ɗumi zuwa wajen digiri 21 a ma'aunin Celsius, mazan bulugil sukan share ramuka masu kamar faranti a wuri marar zurfi, da yawa a jere, su tsaya suna gadin ƙwai, kuma a lokacin duk abin da ya faɗo cikin ramin sai sun kai masa cizo. Na ga mutane suna cika bokiti da manyan mazan nan a yini guda suna murna. Idan aka kwashe manyan, ƙananan maza sukan fara haihuwa da wuri su daina girma, bayan 'yan shekaru tafkin ya cika da 'yan mitsi-mitsin kifaye. Saboda haka ne jihar Minnesota ta rage adadin da aka yarda mutum ya ɗauka a wasu tafkunanta zuwa 5 ko 10 a rana. Ni matsakaita nake kaiwa gida, duk namijin da ya fi tafin hannuna tsawo kuwa nakan jiƙa hannu, in kwantar da ƙayoyin bayansa daga kai zuwa jela, in zare ƙugiyar in mayar da shi kusa da raminsa.