Yadda Mai Buƙata ta Musamman Zai Nemi Tallafi a Kano

Shan inna ce ta taɓa min ƙafafu tun ina yaro, na kuma daɗe ina raka 'yan uwana ofis-ofis, shi ya sa idan magidanci ya rasa ƙafa a hatsarin mota ko idonsa ya rufe da girma, danginsa kan zo wurina su ce, "Malam, ta ina za mu fara?" Amsata guda ce: haɗa takardunka, ka shiga ƙungiya, kada ka je ko'ina kai kaɗai.

Takardun ba su da yawa. Lambar NIN, hotunan fasfo, takardar shaidar ƙaramar hukuma, sai rahoton likita daga asibitin gwamnati mai ɗauke da hatimi, wanda ya fayyace irin lalurar. Wannan rahoton shi ne uwa uba. A yi kwafi da yawa, a ɗauki hotonsa a waya, na asalin kuwa a sa shi a leda a ajiye a gida, kada a bar wa kowa.

Daga nan sai asibitin da ya dace. Ƙashi, laka da yanke gaɓa, Asibitin Ƙashi na Dala. Ido, asibitin ECWA da ke Sabon Gari ko cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Cibiyar kunne ta ƙasa ma tana Kaduna. Ƙwaƙwalwa, asibitin Dawanau.

Bari in tsaya a kan ƙafar roba, domin nan ake yawan asarar kuɗi. Ba a sayen ta kamar takalmi a kasuwa. Sai ciwon ya warke, an yi ta naɗe dungulmin da bandeji har kumburi ya saɓe, sannan a auna shi a ƙera masa mazauni daidai da shi. Bayan wasu watanni dungulmin kan ƙara motsewa, ƙafar ta fara kwaɓe-kwaɓe, ta goge fata. Idan ka ga ja ko ƙuraje a wurin, ka koma a gyara, musamman in kana da ciwon suga. Kuma kada ka tsallake sashen gashin ƙashi, a can ake koyon taka ta. Haka ma keken guragu: wanda ake turawa na tsakar gida ne da asibiti, a lungu mai yashi da kwata ba ya kai ka ko bakin titi. Mai ƙarfin hannu da ke son fita nema, keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi masa. Ƙungiyar masu shan inna ta Kano, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya jagoranta shekara da shekaru, tana ƙera irinsa, kuma in ya lalace mai walda da mai facin unguwa sun isa su gyara.

Ƙungiya kuwa, babbar inuwar ita ce JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, tana da reshe a jihohi, a ƙarƙashinta akwai ɓangaren makafi, kurame, guragu, masu ciwon laka, zabiya da waɗanda kuturta ta shafa. Galibi idan aka zo rabon kekuna, koyar da sana'a ko jari, ta hannun shugabanninta ake karɓar sunaye, wani lokacin ta hannun Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu. Wanda ba ya cikin rajista sai dai ya ji labari bayan an watse. Mata na fi jin wa wannan, don da yawa suna ɗaka, ba wanda ya san da su. Idan kana da irin wannan 'yar uwa, kai ta da kanka a rubuta sunanta. Ka leƙa kuma sashen jin daɗin jama'a na sakatariyar ƙaramar hukumarku da Hukumar Zakka da Hubusi, ka tambayi cibiyar lafiya ta mazaɓarku yadda ake shiga tsarin kula da lafiya na marasa galihu.

Ka san doka, don ka yi magana da ƙarfin gwiwa. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati, ta ba mu fifiko a layi, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keke, wa'adin da ya cika a 2024. Mutumin da ya nuna wariya, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Kamfani, naira miliyan 1. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da mu, tana karɓar koke. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma na ga ma'aikacin da ya miƙe ya kawo kujera da aka ambata masa dokar cikin ladabi.

Duk buƙatar da za ka kai, rubuta ta, kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Kurma ya tafi da mai fassara, makaho da wanda ya amince ya karanta masa kafin ya dangwala. Wanda ya ce ka biya shi kuɗin fom kafin ya sa sunanka a jerin tallafi, kada ka ba shi ko sisi, ka kai maganar wurin shugaban ƙungiyarku a ranar.